Hanjin Tunkiya a Italiya, Izgar Doki a Kurgu

A wani shagon gyaran kayan kiɗa a Kiremona ta Italiya, garin Antonio Stradivari mashahurin maƙerin gogen Turawa, aka miƙo mini wata tsarkiya mai launin zuma. Mai shagon ya ce da hanjin tunkiya aka yi ta. Nan take na tuna gida, Kurgu, inda hanji sai dai tukunyar miya ko gashin ranar Layya.

Su kuwa nan, kankare kitsensa suke yi, su jiƙa shi cikin ruwan toka, su tsaga shi siri-siri, su murɗa, su shanya, su goge. Da shi gita da gogensu suka yi ƙarnoni suna magana. Gashin doki a wurinsu na baka ne kawai.

Mu a ƙasar Bagudo, daga Illo har Lolo a bakin iyakar Benin, doki ne ke ba goge murya. Izga ce tsarkiya, izga ce a jikin baka, a shafa ƙaro, ƙwarya da fatar guza su amsa. Bahaushe da Badande da Bazabarme duk sun san wannan kukan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa hanji ya yi wuya, domin da shi likitoci ke ɗinke raunuka. Sai Albert Augustine a Amurka, tare da makaɗin gita Andrés Segovia, suka fito da tsarkiyar nailan. Mu ma zaren masunta ya hau molo da gurmi, don yana da arha, ba ruwansa da raɓar damina. Ban ga laifin makaɗin da ya zaɓe shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da Turawa suka yi kewar tsohuwar murya, sun sami inda za su koma. Kamfanin Pirastro na Jamus, wanda aka kafa a 1798, har yau yana murɗa hanji. Namu ilimin kuwa yana yatsun tsofaffi: wace izga ce ba ta tsinkewa, yaya ake ɗaure ta. Duk wanda ke da kaka mai goge, ya zauna gabansa tun yana raye, ya miƙa hannu ya koya.