Kafin ka sayar da jitarka a wannan hunturun, ka auna wuyanta

Yau ba maganar furojet ko sufabaiza zan yi ba, maganar jitar bes ce. Waɗanda suka san ni sun san da ita nake haɗa kuɗin rajistar mastas ɗina. Idan na dawo gida Potiskum, bikin da aka kira mu ko aikin situdiyo da ya faɗo, shi ke biya min kuɗin mota zuwa Maiduguri da na fotokwafi. Don haka lafiyarta ba abin wasa ba ce a wurina.

Duk shekara idan sanyi ya kama, sai na ga wani a hostel yana neman mai sayen jitarsa a wulaƙance, wai ta lalace: ko tsirkiya ta yi sama har yatsa na ciwo, ko tana gogar ƙarafunan wuya tana ziza kamar ƙudan zuma. Sau da yawa ba abin da ya same ta. Wuyan ne ya motsa.

Ga dalili. Wuyan jita katako ne, kuma tsirkiyoyi huɗun nan suna jansa da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, mai noti a ƙarshenta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921, tun kafin Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951. To katako yana shan laima da damina, ya bushe da hunturu, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Jitar da aka sayo a kasuwar Alaba ta Legas, ta taso daga laimar bakin teku ta faɗo cikin iskar Yobe ta Disamba, dole ta canza. Masu goge da garaya sun daɗe da sanin haka, su ma yanayi na taɓa fatar kayansu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba a son wuyan ya miƙe sambal. Tsirkiya idan an kaɗa ta, a tsakiya ta fi lilo, saboda haka tana buƙatar ɗan rami kaɗan a tsakiyar wuya. Wannan ramin ake aunawa.

Yadda nake yi: na fara saita sautin tsirkiyoyin daidai, na riƙe jitar kamar zan kaɗa, ba a kwance kan katifa ba. Sai abokin ɗakina ya danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko, ni kuma na danne ta a na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama rula. Sai mu duba tazarar da ke tsakaninta da saman ƙarfe na takwas. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocin bes shi ne wajen milimita 0.3. Fila geji ɗin da bakanike ke saita bawul ɗin mashin da shi, shi ne maganin abin, kuma a Potiskum garin manyan motoci ba za ka rasa shi ba. Idan babu, katin kwali irin na 'yan kasuwa ya kusa wannan kaurin. Katin ATM kuwa milimita 0.76 ne, idan ya shige cikin sauƙi, ramin ya yi yawa sosai.

Idan tazarar ta yi yawa, ka sa alanki a notin ka juya dama, wuyan zai miƙe. Idan tsirkiya ta kwanta kan ƙarfen babu tazara, kuma zizar a ƙarafa biyar na farko take, ka juya hagu ka sassauta. Kwata ɗin zagaye kawai, kada ka wuce. Ka sake saita sauti, ka ba katakon lokaci, gara ma ya kwana, sannan ka sake aunawa. Alankin ya zama daidai bakin notin, yawancin jitocin da ke shigowa nan milimita 4 ne. Idan ka ji notin ya ƙi motsi, don Allah ka tsaya nan. Sandar nan idan ta karye, gyaranta zai iya fin kuɗin jitar, kuma sai ka ɗauke ta zuwa Kano ko Jos.

Sai wuya ya daidaita ake taɓa jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kai. Wanda ya fara da jaki, wahalar banza zai sha.

Ni dai sau biyu nake aunawa a shekara, farkon hunturu da bayan ruwa ya zauna, kuma ina rubuta abin da na samu a bayan littafin lacca. Idan akwai mai jita a ɗakinku da ke shirin rabuwa da ita, ku tura masa wannan. Wanda ke Maiduguri ko Potiskum kuma ya yi min magana ta inbos, fila geji na yana cikin jaka, kyauta zan duba masa.