Moto yana juyawa amma ya ƙi tashi: tambayoyi uku kafin a nemi makaniki

Malamin da aka tura makarantar ƙauye, in ka ɗebe alli da littafin shirya darasi, ba shi da kayan aikin da ya kai moto. Da shi yake zuwa aji, da shi yake zuwa birni karɓar albashi, da shi ake kai matar maƙwabci gidan likita cikin dare. Ranar da moton ya ƙi tashi, yara hamsin ko sittin ne za su zauna cikin rumfar kara suna duban hanya. Iyayensu kuwa ba za su ce inji ne ya yi gardama ba, cewa za su yi mushe bai zo ba.

Na yi shekaru ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Tasawa. A gari nake kwana, kullum da safe in ratsa rairayi a kan Kasea 125, kuma tsakanin gari da makaranta babu garaji ko ɗaya. Dole ce ta sa na koyi abin da zan faɗa a nan. Na rubuta shi ne domin abokan aikina, musamman malaman kwantaragi da kowace dala ke da inda za ta, da kuma iyayen da ke miƙa wa ƴaƴansu makullin moto su tafi makaranta.

Mu fara raba cuta biyu da ake haɗawa. Idan ka danna maɓallin tayarwa ka ji shiru, ko ƴar ƙara ƙas-ƙas, zancen batiri ne ko wayoyinsa, sau da yawa kik yana fid da kai. Amma idan inji yana juyawa sosai ya ƙi kamawa, to batirin ya yi aikinsa, sayen sabo asarar kuɗi ce. Kada kuma ka danne maɓallin fiye da daƙiƙa 5 a jere. Saki, ka ɗan jira, in ba haka ba ka ƙarar da batiri, cuta ɗaya ta zama biyu.

Wani tsohon makaniki, wanda na yi ta zama a bencinsa ranakun Lahadi, shi ya nuna mini cewa inji kamar murhu yake, duwatsu uku yake tsaye a kai: mai, wuta, da iska. In ɗaya ya kauce, tukunya ba ta zama. Aikinka kawai ka gano wane dutse ne ya kauce, kana farawa daga abin da ba ya cin kuɗi.

Kafin ka taɓa turnabis, duba ƙananan abubuwa. Makulli yana kunne? Jan maɓallin nan na hannun dama da ke kashe inji, a ina yake? A farfajiyar makaranta yara suna son wasa da shi lokacin hutu, kuma a wasu motoci inji yana juyawa ko da an kashe shi, wuta ce kawai ba ta zuwa. Na taɓa tarar da wani abokin aiki ya tura motonsa ya wuce rijiyar gari, gumi sharkaf, alhali jan maɓallin ne kaɗai matsalarsa.

Tambaya ta farko: mai yana isa? Girgiza tanki ka saurara. Juya robinen da ke ƙarƙashin tanki zuwa RES, inda ragowar mai take. Zare tiyon da ke shiga karbirato: in esansi ya zubo da ƙarfi, hanya a buɗe take. In yana ɗiga ne kawai, buɗe murfin tanki ka sake dubawa, domin murfin yana da ƴar kafar shan iska, in ƙura ta toshe ta mai ba ya sauka. Daga nan sai ka sassauta ɗan sukurun da ke gindin karbirato, ka tari abin da ya fito cikin farar kwalba. Ruwa ya fi esansi nauyi, don haka in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni mun san man kwalba na ƴan ruwa-ruwa. A ƙauye shi kaɗai ake samu, kuma ba kowane mai sayarwa ne mai ha'inci ba, amma jarkar da ta kwana a ruwan sama ko mazurarin da ya sha yashi sun isa su tsayar da kai. Haka nan moton da aka jingine tun babban hutu har komawa aji a watan Oktoba: man da ya kwana watanni cikin karbirato yana yin danƙo, ya toshe ƴar kafar da makanikai ke kira jikler.

Tambaya ta biyu: wuta tana zuwa? Kwance buji ka karanta bakinsa, domin yana magana. In ya bushe ƙayau bayan ka yi ta bugawa, mai bai iso ba, koma tambaya ta farko. In ya jiƙe yana warin esansi, mai ya yi yawa, inji ya shaƙe. Goge bujin, bar shi ya bushe, mayar da shi, rufe cok, buɗe hannun mai gaba ɗaya ka buga kik sau da yawa. In baƙin toka ne busasshe, iska ce ta yi kaɗan. In baƙi ne mai maiƙo, man inji ke haurowa. Lafiyayyen buji bakinsa ruwan ƙasa ne. Don gwada wutar, mayar da bujin cikin hularsa ta roba, jingina jikinsa da ƙarfen inji, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Robar za ka riƙe, kada ka taɓa ƙarfen, kuma ka tabbata babu esansin da ya zube kusa. A yawancin ƙananan motocinmu tazarar bakin buji milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. In ka sa sabon buji har yanzu babu wuta, duba wayoyin da suka saki ko ɓera ya ci.

Tambaya ta uku: iska tana shiga, kuma inji yana matse ta? Kowane giram ɗaya na esansi yana buƙatar kimanin giram 15 na iska kafin ya ƙone da kyau. Lokacin hunturu, ƙurar mako biyu a hanyar ƙauye ta isa ta cika sosan matacin iska. Cire shi ka gwada tayarwa sau ɗaya. In ya kama, wanke soson, bar shi ya bushe, shafa masa ɗan man inji ka mayar. Kada ka yi tafiya babu shi, yashi zai cinye injin. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu kuma esansi ba ya saurin zama tururi, shi ya sa ake jan cok, a mayar da shi da zarar inji ya ɗumama. Matsi kuwa, toshe ramin buji da babban yatsa ka taka kik a hankali. In iska ta ture yatsan, lafiya. In kik yana sauka sakwaf ba nauyi, zancen ya kai ga supap ko sagiman.

A nan ne nake tsayawa. Supap, sagiman, bobin da akwatin CDI aikin makaniki ne. Bambancin shi ne ka je masa kana cewa mai yana zuwa, matsi yana nan, wuta ce babu ko da sabon buji. Wanda ya faɗi haka ba a kwance masa rabin inji ana lalube da kuɗinsa.

Daga baya na shigar da abin cikin aji. Darasin ƙonewa da muke yi wa ƴan CM2, inda ake kife kofin gilashi a kan kyandir har ya mutu, shi ne dai darasin moto. Na fitar da su farfajiya, na rufe robine ba su gani ba, na bar inji ya shanye abin da ke cikin karbirato ya mutu, na ce su nemo dalili da sharaɗi ɗaya: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, sannan a wuce. Wata yarinya ce ta gano, bayan maza sun gama rantsuwa cewa buji ne. Yaron da ya saba da wannan tsari zai yi amfani da shi a lissafi, a gona, har a garajin da da yawa daga cikinsu za su je koyon sana'a.

Ga iyaye kuma, shawarata ita ce kada makulli ya shiga hannun yaro, namiji ko mace, sai ya kwance buji a gabanku ya mayar, ya kuma faɗi tambayoyin nan uku a jere. A sa masa kilen buji, sabon buji guda, turnabis, tsumma da ƙaramar kwalba a akwatin gefe. Malaman da za su koma ƙauye bana su ma su duba nasu akwatin tun kafin ranar tafiya. Allah ya tsare mana hanya.