Wa Ya San Ka? Abin da Na Koya Game da Lamuni a Rumfar Kawuna

Shekaru biyu da suka wuce na nemi wani banki a nan Katsina ya saya mini kayan wutar sola, in riƙa biya wata-wata. Aikin jarida galibi da dare nake yinsa, kuɗin man janareta kuwa ya fara cin albashina tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Na je da takardar albashi da lambar BVN, ga asusun da na shekara bakwai ina ajiya a ciki. Ban taɓa cin bashin kowa ba, kuma da wannan nake taƙama. Bayan mako uku aka ce abin da za a iya amince mini bai kai rabin abin da na nema ba. Da na tambayi dalili, sai jami'in ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Malam, ba wani laifi muka gani ba. Ba mu ga komai ba ne."

Da la'asar ɗin ranar na biya ta Babbar Kasuwa, rumfar kawuna mai sayar da atamfa da shadda. Ina zaune ya ɗauki waya ya kira maigidansa a Kantin Kwari, ya yi odar kayan Sallah na miliyoyin naira. Babu takarda, babu jingina, babu mai tsaya masa. Hirar ba ta kai minti biyar ba, rabinta ma gaisuwa ce. Mutumin da iliminsa na allo ne, wanda da ajami yake rubuta lissafinsa, an saki masa dukiya daga nisan kilomita kusan 170, ni kuma mai digiri an auna ni an ga ban cika mudu ba.

Na ba shi labarin abin da ya faru. Ya yi dariya ya ce, "To ai gaskiyarsu ne, ɗan nan. Wanda bai taɓa cin bashi ba, wa ya san yana biya?"

Daga nan ya warware mini yadda ya faro. Shekara biyu yana sayen kaya kuɗi hannu a rumfa guda kafin a ba shi turmi biyar bashi. An ɗibar masa mako biyu, ya biya a kwana goma. Turmi biyar suka zama ashirin, ashirin suka zama dila. Ya ce duk tsawon shekarun nan akwai abubuwa huɗu da bai taɓa saɓa wa ba. Ba ya bari ranar biya ta riske shi; idan kasuwa ta yi nauyi, shi ke fara kira tun kafin a kira shi. Ba ya kwashe duk abin da aka miƙo masa: a ce ya ɗauki dila goma, sai ya ɗauki huɗu. Ba ya yawon neman bashi rumfa-rumfa, domin 'yan Kwari suna hira da juna, kuma wanda aka ga yana ƙwanƙwasa ƙofa biyar a mako guda an san ruwa ya kusa cinye shi. Na huɗu, bai taɓa barin maigidansa na farko ba, ko da wani ya yi masa tayin rangwame.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na taɓa karanta kusan waɗannan ƙa'idojin a wani wuri dabam. A Amurka, inda katin bashi ya zama ruwan dare tun bayan fitowar Diners Club a 1950 da BankAmericard a 1958, akwai ma'aunin FICO da aka fara amfani da shi a 1989. Yana ba mutum maki daga 300 zuwa 850, kuma da shi bankuna ke duba wanda za su ɗaga wa iyakar abin da zai iya ranta. Kashi 35 cikin ɗari na makin daga tarihin biya yake fitowa. Kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum, musamman idan aka kwatanta da iyakar da aka ba shi; shi ya sa ake shawartar masu kati kada su ci fiye da kashi 30 na abin da aka buɗe musu. Kashi 15 daɗewar mu'amala ne, kashi 10 sababbin neman bashi, ragowar 10 kuma ire-iren basukan da mutum ya taɓa riƙewa. Ka cire na ƙarshen, sauran huɗun su ne na kawuna, har da jerinsu ya kusa zuwa ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne, domin tambayar guda ce ko a Kwari ko a New York: idan na saki wa mutumin nan dukiyata, za ta dawo? Hausawa sun daɗe da gina amsarta. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin fataken Arewa da mahautan Yarabawa ya dogara kan bashi, da kan maigida wanda ya san halin kowane mahauci kuma yake tsaya wa ciniki da sunansa. Maigidan nan shi ne ma'ajiyar bayanan bashi ta zamaninsa, sai dai a ka yake riƙe da su.

Bambancin tsarin biyu shi ne abin da ya kamata ma'aikaci irina ya lura da shi. Yardar kasuwa tana da tausayi: ta san shekarar da gobara ta ci rumfarka, ta san watan da ka yi jinyar mahaifiyarka. Amma ba ta tafiya. Ranar da maigidan kawuna ya kwanta dama, ko kawuna ya koma wani gari, shekaru talatin na gaskiya sai a sake su daga farko. Yardar banki kuwa tana bin ka duk inda ka je, sai dai ba ta jin uzuri. Najeriya tana da kamfanoni uku masu lasisin tattara tarihin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Tun watan Agustan 2020 kuma, tsarin GSI na Babban Banki ya ba mai bin ka bashi damar ɗibar kuɗinsa daga sauran asusunka da ke ɗaure da BVN ɗinka idan ka gaza biya. Ƙaramin rancen manhajar waya da aka ci aka manta yana iya zama tabon da zai hana mutum babban lamuni shekaru bayan haka.

Mu ma'aikata mun faɗa tsakiya. Ba mu zauna kasuwa an san mu ba, ba mu kuma bar sawu a rajista ba. Katin da ke aljihun yawancinmu na cire kuɗinmu ne, ba ya shaidar komai game da riƙon alkawari.

Na san abin da ke ran mai karatu, domin yana raina ni ma: ruwa. Katin bashi na yau da kullum yana ɗauke da sharaɗin biyan ruwa idan an yi jinkiri, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta yanke tun shekarar 2000 cewa irin wannan kati bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Amma gina tarihin biya bai tsaya ga kati ba. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, akwai hanyar murabaha: banki ya sayi kaya, ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka biya a hankali. Wannan ma bashi ne, kuma ana rubuta shi. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shawarwarin ɗaga iyakar lamuni shi ne yadda suke sa mutum ya ɗauki iyakar a matsayin dukiyarsa. Kawuna yana cin bashin kayan da za su biya kansu. Ma'aikacin da ya ci bashin naira miliyan biyu don hidimar biki ba shi da abin da zai biya sai albashin da bai zo ba tukuna. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane ciki ke iya ɗaukar kowane nauyi ba. Iyaka mai faɗi amfaninta ga wanda ba ya kai wa ƙarshenta.

Daga bisani na koma na karɓi ɗan abin da aka amince mini. Na sayi batir ɗaya maimakon biyu, da faranti uku na sola, abin da zai riƙe kwamfuta da fanka da ƙwai huɗu. Na sa a riƙa cire kuɗin washegarin shigar albashi, kwana biyar kafin wa'adi. Wata goma sha biyu na gama. Da na nemi rahotona, sai ga layi ɗaya tal: an ba shi, ya biya, bai yi jinkiri ba.

Na kai wa kawuna takardar. Ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, "To, ka samu turminka biyar. Yanzu idan sun kira ka sun ce ka zo ka ɗauki goma, nawa za ka ɗauka?"

Na ce, "Huɗu, Kawu."

A watan jiya sun kira. Na yi godiya, na ce sai batirin nan ya gaji tukuna.