Wayarka ce shaidarka a gareji

A gyaran waya na koyi cewa mai kaya ba ya ganin cikin kayansa, amana ce kawai. Haka gareji yake. In 'yan VIO sun ce birki ko taya, kada ka miƙa makulli ka tafi. Motar gidanmu mai ɗaukar albasa daga Wurno da Goronyo, bakanike ba ya taɓa ta sai na ɗauki hoton tsohon kayan, mun ƙare ciniki a WhatsApp. Taya kuwa, duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: 2321 na nufin sati na 23, shekarar 2021. FRSC ta ce taya shekara huɗu take yi. Jama'a, canjin taya ya fi zaman makoki sauƙi.