Yaɓe Tun Da Rani

Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun san lokacin yaɓe. Da rani ake yinsa. Maigidan da ya jira sai ruwa ya sauka, sabon ɗaki zai gina.

Haka yake ga ƙasa. A 1988 madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta fashe, ruwa ya ci gidaje da gonaki. A Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare. Dubban iyalai suka rasa wurin kwana, fursunoni fiye da 200 suka tsere daga kurkuku. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sāke gina madatsar.

Asusu kuwa akwai. Tun 1981 aka kafa asusun muhalli domin ambaliya da zaizayar ƙasa, a 1999 kuma aka kafa hukumar agajin gaggawa, NEMA. Amma mun saba yabon mai raba shinkafa da tabarmi bayan masifa. Wanda ya toshe tsaga tun da wuri, ba mai yi masa guɗa.

Kuɗin nan namu ne. In wakilinmu ya zo gari, mu tambaye shi da ladabi: nawa aka ware wa madatsar yankinmu, wa ya duba ta bana? Tsaron ƙasa ya haɗa da yaranmu su kwana lafiya da damina.