Ruwa a Cikin Man Gas: Ziyara Garejin Kanikawa a Suleja

Wanda ya taso daga Abuja ya kama hanyar Kaduna, da zarar ya wuce Zuba ya iso gindin Dutsen Zuma a Madalla, to ya shigo Jihar Neja, Suleja kuma na gabansa. Wannan gari shi ne Abuja ta asali. Bayan an ƙirƙiro babban birnin tarayya a 1976 ne aka ba sabon birnin sunan, shi kuma tsohon ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau dai manyan motoci ne ke fara yi wa baƙo maraba. Saboda daffon mai na NNPC da ke wajen Maje, tankoki da tireloli sun jeru a gefen hanyar da ta nufi Dikko da Minna, kuma duk inda mota ta kwana, nan bakanike ke kafa rumfa.

Garejin da na shiga fili ne ba katanga, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da mai. A bakin shiga akwai mai faci da mai walda, sai mai shayi, sai wata mata da kulolin shinkafa da wake. Mutanen wurin za su kai talatin, yawanci direbobi da yaran mota da ke kwance a kan tabarmi ƙarƙashin tankoki suna jiran lodi. Ana jin Hausa da Yarbanci da Gwaranci da Turancin buroka a haɗe. Ledar fiya wata naira hamsin ce a lokacin, kuma da rana ta take, ita ce ta fi komai kasuwa.

Can gefe wasu samari sun jera jarkoki suna sayar da man gas ƙasa da farashin gidan mai. A ƙarshen 2023 lita ta haura naira dubu, saboda haka direba ba ya raina ragin da zai samu. Sai dai man da ya kwana a jarka ko duro, balle da damina, ba a rasa shi da ruwa.

A rumfar ƙarshe na tarar da maigidan garejin, dattijo mai furfura a gemu, yana duba wata Hilux. Direban ya nuna masa wata 'yar fitila da ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari.

"Oga, ka cire mini wayarta kawai in huta. Motar nan lafiyarta ƙalau."

"Haba Malam, a yanke wa ɗan aike harshe don ya kawo labari mara daɗi? Bari mu ji abin da ya zo da shi tukuna. Kai yaro, kawo mini gora."

Yaron ya kawo farar gorar roba, ya tara ta ƙarƙashin filtar mai. Maigidan ya sassauta 'yar kusar roba da ke gindinta, ya rinƙa danna famfon hannu da ke samanta. Da ya ɗaga gorar sama, sai ga abin ya rabu biyu: mai a bisa, ruwa ruwan ƙasa-ƙasa ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa biyu. Ya bayyana mini cewa ruwa ya fi man gas nauyi, shi ya sa yake taruwa a gindin filta, kuma nan aka ɗaura sensa. Ta irin wannan mota tana da wani ɗan zobe mai maganaɗisu wanda yake nutsewa a mai amma yake tasowa a ruwa. Idan ruwa ya taru ya ɗaga shi, sai ya haɗa wuta, fitila ta kama. A manyan motoci da yawa kuwa, wasu 'yan ƙarafa biyu ne ke leƙe cikin kofin filtar. Wuta ba ta bi ta cikin man gas, amma tana bi ta ruwa, to da ruwa ya taɓa su sai su kai rahoto.

An zubar da ruwan, an tada mota, amma fitila na nan. Nan aka kira mai waya. Ya zare soket ɗin sensar, nan take fitila ta mutu, alamar wayar motar ba ta da laifi. Da ta ci gaba da ci bayan an zare, in ji shi, da sai a bi waya a nemo inda ta goge ta taɓa ƙarfe. Ya duba bakin soket ɗin ko ya yi kore da tsatsa, ya ga fes. Sannan aka kwance filtar, aka warware sensar daga gindinta. Zoben ya maƙale a sama cikin wata laka mai yauƙi. An wanke shi, ya sa mita yana ɗaga shi yana saukewa, mita ba ta daina kuka ba. Sensa dai ta mutu.

Na bi yaron zuwa kwantenar mai kayan gyara. Iri uku ya fito da su: sabuwa ta kamfani a kwalinta, tokumbo da aka ciro daga motar da aka yanka, da 'yar China. Kuɗin ta kamfani ɗaya zai sayi 'yan China da yawa, tokumbo kuma tana tsakiya. Babu farashi a rubuce, ciniki ake yi, kuma kuɗin hannun bakanike daban. Direban ya zaɓi tokumbo, bisa sharaɗin a gwada ta da mita kafin ya biya.

Ɗaurawar ba ta ɗauki lokaci ba, amma an bi ta a hankali. Maigidan ya sa sabuwar filta, ya canza robar da ke toshe bakin sensar, ya shafa mata man gas, ya murɗa da hannu. Da yaron ya miƙo sifana, sai ya ture ta: jikin sensar roba ce, in aka matsa ta tsage, iska ta rinƙa shiga, mota ta rinƙa shaƙewa a hanya. Ya danna famfon hannu har ya yi tauri, alamar iska ta fita, ya mayar da soket, aka tada inji, ya shafa ƙasan filtar da yatsa ko akwai yoyo.

Na tambaye shi me ya sa bai biya wa direban bukatarsa ta farko ba. Ya ce injinan zamani suna tura mai da matsi mai tsananin ƙarfi, kuma man ne da kansa ke zame wa famfo da nozul abin santsi. Ruwa in ya wuce filta, sai ya cinye su da tsatsa, kuma kuɗin nozul ɗaya ya ninka na sensa sau da yawa. Ya ce yawancin motocin da ake jawo masa da igiya, in ya leƙa ƙasan filta, sai ya tarar an daɗe da yanke wayar. Shawarar da ya sallami direban da ita gajeriya ce: ya rinƙa tsiyaye gindin filta a kai a kai, musamman da damina, ya cika tanki kafin ya ajiye mota da dare don kada raɓa ta taru a ciki, kuma ya san wurin wanda yake sayen mai.