Ranar da na toshe kunnena a titin Kabuga

Na san hanyar Kabuga zuwa Ƙofar Famfo kamar yunwar cikina, domin kullum da safe a kan keke nake bin ta. Sanin nan ne ya ruɗe ni, har na fara cusa iyafis a kunnuwa biyu ina sauraron labarai, ina ganin ai idona biyu a buɗe suke.

Ran nan na hango rami a gabana, sai na karkata dama ban waiwaya ba. Ashe wani ɗan Adaidaita Sahu yana bayana, ya yi ta danna hon ban ji ba. Ya take birki da ƙarfi, ya kauce mini, wata tsohuwa da ke ciki ta buga goshi a ƙarfen kujera. Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne na sauko ina faɗa, ina ce masa makaho. Bai rama ba. Ya nuna wayar da ke reto a wuyana, ya ce, "Malam, cire wannan tukuna, sai mu yi magana." Sai a lokacin na ga jini a mayafin tsohuwar. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe ni, laifina ne." Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya tsare gaba." Ni na biya kuɗin ɗinkin, amma zafin ita ta sha.

A lokacin kekena ba shi da madubi. Duk shekarun nan kunnena ne yake gaya mini abin da ke tafe a baya: gurnanin tirela daban, ƙarar babur daban, kuma kafin in juya wuya na riga na san ɓangaren da zan matsa. Ban taɓa lura da wannan aikin nasa ba sai da na hana shi yi. Da na ji cewa Faransa ta haramta wa masu tuƙi sanya iyafis tun 1 ga Yulin 2015, har da masu keke, da tarar yuro 135, ban ga tsanani a ciki ba ko kaɗan.

Yanzu iyafis ɗin yana aljihu har sai na jingine keken. Na kuma sa an ɗaura mini madubi a hannun hagu. Duk sanda na zo daidai ramin nan, wanda aka riga aka cike, sai na tuna mayafin Iya.